Yadda ake amfani da kwamfutar hannu a aji ɗaya ba tare da ta cinye darasi ba

Malamin aji ɗaya da aka miƙa wa kwamfutocin hannu guda shida alhali yaransa sun kai arba'in da takwas, an ba shi kayan aiki kuma an ba shi rigima. Ɗan shekara shida idan ya ga abu mai haske da sauti, alli da allo sun zama tarihi a wurinsa. Dabarar ita ce na'urar ta zama zango guda a cikin darasi, yaro ya shiga da aikin da aka ba shi, ya fito ya nuna abin da ya samo.

Da farko, shirya na'urar tun kafin yara su gan ta

Sauke duk abin da za ka buƙata a inda kake da intanet, sannan ka sa ta a yanayin jirgin sama. Batir zai daɗe, talla ba za ta faɗo ba. Goge wasanni. Android tana da hanyar kafe manhaja guda a fuskar na'ura, tana cikin saitin tsaro. A iPad sunanta Guided Access. Koyi wannan kafin komai, don yatsan yaro ya fi naka saurin gano YouTube.

Ka kuma saka maballin rubutu na Hausa. Gboard yana da shi, da ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya ɗauki wannan ƙaramin abu ne, ya tuna cewa baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Yaron da ya fara ganin kalmomi babu lanƙwasa zai daɗe yana rubuta su haka.

Me za ka sauke? Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai na Hausa masu hotuna, kyauta. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Karanta kowane labari da kanka tukuna, domin wata fassarar sai a hankali. Harshen da yaro yake ji shi ne ma'auni: gasar Global Learning XPRIZE ta ƙirƙirar manhajojin koya wa yara karatu, da aka kammala a 2019, wadda masu manhajojin onebillion da Kitkit School suka raba kyautarta, an gwada manhajojinta ne a ƙauyukan Tanzaniya da Swahili, harshen da yaran suka sani.

Na biyu, makon farko na koyon riƙo ne

Hannu biyu. A zaune a tabarma, na'ura a kan cinya. Ba ruwa, ba alawa, ba hannun da ya taɓa ƙosai. Ku yi wata alama, misali tafi uku, wadda da an ji ta kowa zai kifa na'urarsa. Maimaita har ta zama jiki. Mako ɗaya ba asara ba ne.

Na uku, raba aji rukuni huɗu

Nan aikin yake. Yara goma sha biyu a kowane rukuni, ka raɗa musu suna: Zaki, Giwa, Raƙumi, Zomo. A rukunin na'ura yara biyu ne a kan kowace guda, kuma ni na fi son haka ko da na'urorin sun wadata, saboda biyun suna magana, ɗaya ya taɓa ɗaya ya faɗi sautin, sai su yi musanya. Lura da kyau a nan: idan ba ka sa ido ba, yaro mai ƙarfin hali zai riƙe, mai kunya ta zama 'yar kallo har ƙarshen zango. Ba wa mai jiran juyi tsakuwa ya riƙe. Idan aka juya shafi, tsakuwa da na'ura su sauya hannu.

A ce darasin yau harafin ƙ ne. Minti goma na farko naka ne da allon bango: ka furta, su furta, ku haɗa baƙin da wasula, ƙa, ƙe, ƙi, ƙo, ƙu, ku rubuta a iska da yatsa. Sannan a watse. Zaki suna tare da kai suna karanta gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Giwa suna rubutu a allunansu ko a kan yashi a tire. Raƙumi suna jera murafen lemo da ka rubuta wa gaɓoɓi, suna haɗa ƙa da fa, ƙo da fa. Zomo ne ke da na'ura, da aiki guda tak: su buɗe labarin da ka zaɓa su nemo kalmomi uku masu ƙ.

Bayan minti goma, tafi uku, a zagaya. Juyi biyu ya isa a darasi ɗaya, sauran rukunai biyun gobe. Kowane yaro zai taɓa na'ura sau biyu ko uku a mako, kuma idonsa bai gaji ba.

Lissafi ma haka. Yaro ya fara ƙirga tsakuwa bakwai da hannunsa, ya cire uku, ya ga saura huɗu, kafin ya ga 7 da 3 a fuskar gilashi.

Na huɗu, sa su yi abu da ita

Kallo kawai ba ya zaunar da karatu. Kyamara da rikodar murya sun fi yawancin manhajoji amfani. Tura rukuni tsakar makaranta tare da monita su ɗauko hoton abubuwan da suka fara da sautin ranar: ƙofa, ƙasa, ƙarfe, ƙafa. Wani zai kawo hoton kujera, to ga darasi ya samu, a furta kujera a furta ƙofa a ji bambanci a maƙogwaro.

Sau ɗaya a wata, naɗi muryar kowane yaro yana karanta layi biyu. Idan zangon karatu ya ƙare, kunna masa ta farko da ta ƙarshe. Uwa da ba ta yi boko ba ma za ta ji bambancin da kunnenta ranar taron iyaye da malamai. Amma hoton ɗan wani ko muryarsa kada su fita zuwa WhatsApp ko Facebook sai da yardar iyayensa.

Na biyar, rufe darasi da baki da alli

Minti biyar na ƙarshe, na'urori a kife. Zomo su faɗi kalmominsu uku, ɗaya ya fito ya rubuta a allo. Idan sun kasa, tauraron da manhaja ta ba su ba hujja ba ce. Yara sun iya taɓe-taɓe har su dace da amsa. Gobe ka maido su rukuninka.

Sai ajiya

Rubuta lamba a bayan kowace, a ƙirga da ƙarfi kafin a tashi tara. Zafi yana kashe batir, don haka kada a bar su a taga ko a yi caji cikin rana, ko da sola ake amfani. Lokacin hunturu a goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, a sa su a akwati mai murfi a ofishin hedimasta. Ranar da aka wayi gari babu caji, rukunin Zomo su ɗauki katunan hotuna, darasi ya ci gaba yadda aka tsara.