Babi na 7: Idan Tsohuwar Mota Mai Gas Ta Daina Ja

Darasi na 1: Filtar iska tukuna

Sannunku da zuwa. Wannan babi na masu tsohuwar mota mai shan gas ne, irin Mercedes 200D, da J5 ɗin da ke jigilar tumatir a Farin Gada, da Hilux ta dā. Gas shi ne man da wasu ke kira dizal. Wanda ba shi da mota ma ya zauna, ilimi ba ya ruɓewa.

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau 3: iska, gas, filta, hayaƙi, salansa. Ku lura da ƙ ta hayaƙi, tana da lanƙwasa a ka.

To, ga yadda abin ke faruwa. Ka taso daga Akwanga da kaya, ka kama Hawan Kibo, ka take totur har ƙasa, mota sai gurnani take yi ba ta ja. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanka, masu biye da kai suna ta hon. Da ka shiga gareji, kafin a buɗe bonet wani zai ce famfon da ke tura wa inji gas ne, wani ya ce nozul. Kada ka sa hannu a aljihu tukuna.

Injin gas iska yake zuƙa, ya matse ta har ta yi zafi, sai nozul ya fesa mata gas ya kama da wuta. Idan iskar ta yi kaɗan, gas ba ya ƙonewa duka, sai ya fita baƙi, ƙarfi kuma ya tafi. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Abuja kauri ba. Ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Injin da dama numfashinsa kaɗan ne, in filta ta toshe, me ya rage masa?

Ga yadda ake dubawa. Ka kashe mota. Ka zare makulli ka sa a aljihu. Ka ja birkin hannu, ka buɗe bonet, ka tokare shi da sandarsa. Ka nemi tiyo mafi kauri da ke shiga inji, ka bi shi da ido har ya kai ka ga wani akwati ko gwangwani mai murfi. Filta tana ciki. Ka ɓalle maƙalan murfin.

Tsaya nan. Kada ka zare ta tukuna. Ka dubi yadda take zaune: wane gefe ne sama, ina robar bakinta ta kwanta. Ka duba sau biyu. Yanzu ka zare ta, ka ɗaga ta saitin rana. In haske yana ratsa takardar, da sauranta. Ka bubbuga ta a hankali a tafin hannu, ƙura ta zube. In ba ka ga haske ba ko kaɗan, ko ka ga ta yage, ko ta jiƙe da mai, sabuwa za ka saya. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa, ba a wanke ta da fetur.

Ka goge cikin akwatin da tsumma, ka fitar da tsumman. Ka mayar da filta yadda ka same ta, ka rufe maƙalai duka. Duka na ce, ba biyu cikin huɗu ba.

Mu sake. Kashe mota, makulli a aljihu, dubi yadda take zaune, zare, ɗaga ga rana, mayar yadda take. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, kowa a nan ya fara. Ni ma ranar farko a juye na mayar da ita, murfi ya ƙi rufuwa ina ta dannawa da gwiwa.

Amma akwai abin da ya ishe ni. A ajin bara wani dattijo, mutumin kirki, ya zare filta ya jefar, wai don mota ta sha iska da kyau. Ta ja na ɗan lokaci, yana ta murna. Ƙurar hanya ta shiga ta cinye ringi, wato zoben da ke jikin fistin, kafin damina motar tana shan baƙin mai kamar kunu. Haba Alhaji! Wani kuma ya manta tsumma a cikin akwati. Ba don in tozarta kowa nake faɗa ba, amma na gaji da ganin magidanci ya sayar da buhun dankali ya biya gyaran famfo, alhali filtar da ya kamata ya ɗaga ga rana tana nan cunkushe kamar tabarmar kaji. Ba a tayar da mota babu filta. Ku rubuta wannan jimla a littafinku sau 5.

Bayan ka mayar, ka gwada motar a tudun da ka saba hawa. Abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, sannan a taɓa na gaba. In ka canja abu uku rana ɗaya, ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba.

Darasi na 2: Filtar gas da launin hayaƙi

Ka duba filtar iska? In ba ka duba ba, koma darasi na 1.

Idan mota tana ja tana saki, kamar mai shaƙuwa, ka zargi filtar gas. Gas ɗin 'yan bumburutu sau da yawa yana zuwa da ruwa da datti. Filtoci da yawa suna da ɗan noti a gindi. Ka tara kwalba mai haske, ka sassauta shi. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasan kwalbar. Ka ɗaure notin, ka danna ɗan famfon hannu har ya yi tauri, don iskar da ta shiga layi ta fita.

Sai hayaƙi. Ka sa yaro ya taka totur, kai ka tsaya a gefe, a fili, ba cikin rufaffen gareji ba. Baƙi: iska ta yi kaɗan ko gas ya yi yawa. Filtar iska tukuna, sannan tiyon tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, sannan nozul. Shuɗi: baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko tobo. Fari da sanyin asuba na Jos, wanda ke ɗaukewa in inji ya ɗumama, yawanci hitar da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar ce ta mutu, ko kai ne ba ka jira fitilarta ta ɗauke ba ka murɗa makulli. Fari da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, gaskit ɗin kan inji ne. Wannan aikin bakanike ne.

Darasi na 3: Ƙara

Injin gas dama mai surutu ne. Sabuwar ƙara ake nema. Fito ko huci idan ka taka totur, tiyon tobo ne ya tsage ko ya kwance. Tus-tus kusa da inji, da baƙin tabo a inda salansa ta haɗu da shi, gaskit ɗin wurin ne ya ƙone. Ƙwas-ƙwas mai kaifi daga sama, a kai nozul a gwada. Kada ka sa yatsa a bakin nozul ko a bututun da ke tsiyaya, gas ɗin yana huda fata. Bugu mai nauyi daga ƙasa kamar ana daka, musamman in fitilar baƙin mai ta kama, ka kashe mota nan take, a ja ta.

Darasi na 4: Zafin salansa

A kan tudu da kaya, zafin hayaƙi kan wuce digiri 600. Kada ka taɓa salansa, kada ka ajiye mota kan busasshiyar ciyawa. In ta fi yadda ka saba zafi, ko wuyanta ya yi ja da dare, to ko filtar iska, ko salansa ta toshe, ko taimin, wato lokacin fesa gas, ya goce, ko kana hawa da babbar giya. Sauko giya. Taimin kuma a bar wa bakanike.

Aikin gida: kowa ya zo da filtar iskarsa ranar Asabar, mai kyau ko maras kyau. Wanda bai gama rubuta jimlar darasi na 1 ba ya gama kafin ya zo.