Haruffa huɗu, furuci bakwai: kalmomin "ough" da ke jiran baƙo a Ingila

Wanda ya yi makaranta a Kano ko Zariya ya saba ganin o-u-g-h a jere cikin kalmomin Turanci, kuma yana karanta su da ido lafiya lau. Rigimar tana farawa ne ranar da ya sauka Ingila aka ce ya buɗe baki. Haruffan nan huɗu suna da furuci aƙalla bakwai a bakin Bature, babu kuma wata ƙa'ida da za ta fid da ku. Kowace kalma haddace ta ake yi tare da wurin da ake buƙatar ta.

A fara da wajen likita. Cough shi ne tari, ana cewa "kof". A nan harshenmu ke yi mana ƙafar ungulu: Bahaushe yakan haɗa leɓɓansa biyu wajen furta f, sai ta fito kamar p, mai sauraro ya ji cop, wato ɗan sanda. Ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ku hura iska. A kantin magani za a tambaye ku ko dry ne ko chesty, wato busasshen tari ko mai kaki, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar a ga likita idan tari ya wuce mako 3, lambar 111 kuma ta neman shawara ce idan abin bai kai na gaggawa ba. Whooping cough shi ne tarin shiƙa, ana yi wa masu juna biyu allurar rigakafinsa wajen mako na 20.

Rough, tough da enough duk "af" suke ƙarewa: raf, taf, inaf. Mai kaushi, mai tauri, abin da ya isa. Idan an ce muku unguwa rough ce, ba hanyarta ake nufi ba; ana nufin akwai fitina, ku sake tunani kafin ku biya kuɗin haya. Rough sleeping kuwa kwana a titi ne.

Kalmar da ta fi shafar aljihunku ita ce borough, "bara" a bakin mutanen Ingila. Yanki ne mai ƙaramar hukumarsa. Landan tana da guda 32, ban da tsohon birnin da ke tsakiya. A Landan, borough ɗinku shi ke karɓar harajin gida, shi ke kwashe shara, ta hannunsa ake neman wa yara gurbin makaranta, kuma harajin ya bambanta daga wannan zuwa wancan ko da titi ɗaya ne ya raba su. Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku shigar da postcode ɗin gidan, wato lambar gidan waya da ke ƙarshen adireshi, a shafin gwamnati na intanet ku ga wace hukuma ce ke da shi. 'Yan uwa da ke Amurka za su ji "baro": New York tana da biyar, ciki har da Bronx inda mutanenmu na Gana da Nijar suke da yawa.

Sunayen garuruwa ma sun ɗauki wannan hali. Peterborough "Pitabara" ne, Middlesbrough "Midilzbara". Loughborough ya haɗa furuci biyu a suna ɗaya, "Lafbara". Slough, da ke yamma da Landan kusa da filin jirgin Heathrow, "Silau" ne, kamar plough, garma, da drought, fari. Idan mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ya yi muku kallon rashin fahimta, nuna masa sunan a waya ya fi maimaitawa sau uku.

Sai uku masu kama da 'yan uku: though, through, thorough. Na farko "ko da yake", yana ƙarewa da "o" kamar dough, kwaɓin fulawa. Na biyu "ta cikin", yana ƙarewa da "u". Allon da ya ce no through road yana nufin lungun ba ya ɓullewa. Na uku "thara", abin da aka yi filla-filla. Idan takardar haya ta ce thorough cleaning, tsaftar da za a duba har bayan murhu ake nufi, kuma rashin yin ta na iya cinye kuɗin ajiyarku. Sautin th ɗin nan, kan harshe ake saƙalawa tsakanin haƙora. Wanda ya mai da shi t, through ɗinsa zai zama true.

Bought da brought harafi ɗaya ya raba su, duka "ot" ne a ƙarshe: na saya, na kawo. Jami'in kwastan abin da kuka kawo yake tambaya, ba ruwansa da ko saya kuka yi ko tsaraba ce. Nama da kayan madara daga Najeriya ko Nijar ba a yarda a shigo da su Birtaniya ba, don haka kilishi da man shanu ƙwace su za a yi, ko an naɗe su da takarda goma.