Yadda Ake Amfani da Kalmar “Focus” Daidai a Turanci

Kusan kowane ɗalibi ya san “focus” na nufin mai da hankali. Wajen sa ta a jimla ne ake yawan tuntuɓe, kuma gyaran ba shi da wuya.

Fara da sanin asalinta. A harshen Latin na Romawa, focus murhu ne, wurin da ake hura wuta a gida. Daga gare ta Faransawa suka samo feu, Sifaniyawa kuma fuego, duka biyun wuta ke nan. A 1604 masanin taurarin nan Bajamushe, Johannes Kepler, ya shigar da ita cikin ilimin lissafi da haske, inda ta zama sunan ɗigon da haske yake taruwa.

Ina so ka gwada wannan da hannunka. Samu gilashin ƙara girman rubutu ka fita cikin rana, ka riƙe shi a saman takarda, kana ɗagawa kana saukewa har hasken ya tsuke ya zama ɗan mitsitsin ɗigo. Jim kaɗan za ka ga takardar ta yi baƙi, hayaƙi na tashi. Wannan ɗigon shi ne focus. Daga baya ne Turawa suka ara wa hankalin mutum kalmar, idan ya tattaru a kan abu ɗaya.

Sai furuci: “fokas” ake cewa, ba “fokus” ba.

Mataki na gaba shi ya fi muhimmanci. In ka yi amfani da ita a matsayin aikatau, “on” ne ke bin ta. Ka ce “Focus on your studies”, wato ka mai da hankali kan karatunka. Kada ka ce “focus in your studies” ko “focus to”, wannan kuskure ya yi yawa a takardun jarrabawa. Ka tuna, haske a kan takarda yake sauka.

In suna ce, sau da yawa “of” take ɗauka: “the focus of the meeting”, abin da taron ya fi karkata a kai. Masu ɗaukar hoto kuwa, idan hoto ya fito dishi-dishi, sai su ce yana “out of focus”.

Wajen rubutu, “focused” da “focussed” duk sun halatta, amma mai “s” ɗaya ta fi yaɗuwa, ita nake ba ka shawarar riƙewa. Jam'inta “focuses” ne, sai a littattafan kimiyya za ka ci karo da “foci”.