Yadda za ka sayar da littattafan waya ba tare da ka ɓata da marubuta ko masu karatu ba

Duk wanda ya zo mini da maganar zai fara wallafa littattafan waya, wato waɗanda ake saye a karanta a wayar hannu, abin da yake fara tambaya shi ne wa zai zana masa tambari, kuma wane suna zai raɗa wa kamfanin. Sa duk sunan da ya kwanta maka, ban taɓa ganin wanda tambari ya durƙusar ba. Waɗanda na ga sun naɗe tabarma, kuɗi ne ya kore su: kuɗin masu karatu da suka karɓa kan littafin da bai ƙare ba, da kuɗin marubuci da suka kasa yi masa bayaninsa. Na ɗauka ka iya buɗe zauren WhatsApp, ka kuma iya mayar da rubutu PDF, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Mataki na farko: kar ka karɓi ko naira ɗaya sai littafi ya ƙare a hannunka

Nan ne na sha kashi, shi ya sa zan daɗe a wurin.

A shekarata ta farko wata marubuciya mai tarin mabiya ta kawo mini littafi. Babi talatin ta turo, labari ya yi daɗi, ta ce sauran yana kanta, taifin kawai ya rage. Muka saki shafukan ɗanɗano kyauta na mako biyu, aka kamu, muka buɗe biya naira ɗari biyar. Lambar asusuna ce a ƙasan kowane shafi. Kuɗi suka shigo, ni kuma don in nuna ni mutumin kirki ne na tura mata kasonta tun a makon farko.

Muna babi na arba'in da wani abu sai rubutu ya tsaya. Yau waya ta faɗa ruwa, gobe bikin ƙanwa, jibi zazzaɓi. Ban ce ƙarya take yi ba, rayuwa ce. Amma masu karatu ba su san ta ba, ni suka sani, domin ni suka tura wa kuɗi. In na buɗe waya da asuba sai in tarar da saƙo ya fi ɗari: "Malam, yau ma shiru?" Daga baya muryar ta sauya: "A ba mu ci gaba ko a dawo mana da haƙƙinmu." Wata baiwar Allah ta turo saƙon murya na minti huɗu, ba zagi a ciki ko ɗaya, bayani kawai take yi cewa daga kuɗin cefane ta tsakura ta biya. Wannan ya fi zagin ciwo. Daga aljihuna na mayar wa mutane kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka biya da katin waya ban ma da rubutun da zan gane su.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce: sai na ga "Tammat bi hamdillah" da idona, na karanta tun daga farko har can, sannan in sa lambar asusu. Wannan bai hana a riƙa sakin littafi babi-babi kullum ba. Hasali ma haka ya fi, domin cacar bakin da ake yi a zaure kan wace ce mai gaskiya tsakanin uwargida da amarya ita ke jawo sabbin masu saye. Bambancin kawai, daga rumbunka kake ɗebowa, ba jiran wayar wani kake yi ba.

Za ka haɗu da marubuciyar da za ta ce, "Ni fa sharhin masu karatu ne ke ba ni ƙarfin gwiwa, ba na iya rubutu a ɓoye." Gaskiya ta faɗa, da yawa haka suke. Mafitar tsohuwa ce, masu littattafan takarda na kasuwar Kano sun riga mu: a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Ka sayar da na ɗaya da ya kammala, ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa na ɗaya ne, kuɗin na biyu kuma sai ya iso. Idan ta ƙi wannan ma, ku rabu da mutunci, ko mabiyanta sun kai yawan mutanen kasuwar Kurmi.

Mataki na biyu: yarjejeniya a rubuce, ko da ƙanwarka ce

Kunya ke hana mutane wannan. Ka kawo takarda, a ce maka, "Haba Malam, ai mun zama ɗaya." Ka yi murmushi ka miƙa biro. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, a sa hannu a ɗauki hoto kowa ya ajiye. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta san da sallama haƙƙi ko ba da izinin "kai kaɗai za ka sayar" da baki ba, sai a rubuce. Ke nan idan ka kashe kuɗin gyara da bango da talla, gobe ka ga littafin a wata manhaja, ba ka da abin riƙewa.

Abin da nake sawa: littafin na marubuci ne, ni izinin sayarwa aka ba ni na shekara ɗaya, a sabunta in an ji daɗin juna. A fayyace ko ni kaɗai zan sayar. A fayyace cewa izinin na karatu a waya ne kawai, bai haɗa da karanta shi da murya a YouTube ba, bai haɗa da fim ko bugun takarda ba. Wannan layin na YouTube kar ka manta da shi, yanzu ya zama babbar kafar rigima. Sai wanda ke yanka farashi, da ranar biya, da kaso.

Rabon da nake yi shi ne saba'in cikin ɗari ga marubuci, talatin gare ni, idan rubutun ya zo a tsaftace. Idan ni zan zauna in gyara shi layi-layi, sittin da arba'in. Wasu suna sayen littafi ɗungurungum su biya sau ɗaya. Ni ba na yi. In littafin ya karɓu marubuci zai ga an cuce shi, in bai karɓu ba kai ne da asara, ko ta ina ba a rabuwa lafiya.

Mataki na uku: gyara

Yawancin rubutun a waya aka buga shi, da babban yatsa, cikin dare. Za ka tarar da "nace" a wurin "na ce", "zata" a wurin "za ta", ga ƙugiya babu. Mai karatu zai iya cinkar "daki" ɗaki ake nufi, amma "baki sun zo" fa? Wanda ya ba da kuɗinsa ya cancanci a raba masa baki da baƙi, kafa da ƙafa. Gboard, madannin rubutu na waya, yana da Hausa, kyauta ne, ka sa marubutanka su sauke. Bayan ka mayar da rubutun PDF ka buɗe shi a ƙaramar waya mai arha, ba a kwamfutarka ba, ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito ko sun koma akwatuna. Ka ƙanƙanta shafin daidai fuskar waya don kar a riƙa ja da yatsa, kuma kar ka cika shi da hotunan furanni, datar mutane kake ƙonawa.

Abu ɗaya: gyaran ƙa'ida aka ba ka, ba sauya murya ba. In tsohuwar cikin labari Sakkwatanci take yi, bar ta da abinta. Kuma duk inda ka yanke ko ka ƙara, marubuci ya gani kafin a saki.

Mataki na huɗu: karɓar kuɗi

Buɗe asusu daban wanda ba a sayen kati ko cefane da shi. OPay ko Moniepoint ko banki, duk ɗaya ne, in dai ba ya cakuɗa da kuɗin gidanka. Ranar da ka fara "aro" daga ciki, ranar ka fara cin kuɗin marubuci ba ka sani ba.

Hoton shaidar biya ba biya ba ne. Ana gyara hoto, ana kuma tura hoto ɗaya daga lambobi uku. Shiga manhajar bankinka ka ga kuɗin, ka ga suna, sannan ka buɗe wa mutum ƙofar zauren waɗanda suka biya. Amma ka yi shi da ladabi, domin mafi yawan masu cewa "na tura" sun tura ɗin, hanyar banki ce ta riƙe. Wanda ya yi wannan sana'a a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya san yadda kuɗi ke fita daga asusun mutum ya kwana biyu a hanya. "Hajiya, a ƙara haƙuri, da ya shigo zan sa ki" ta fi "ban ga komai ba" nesa ba kusa ba. Kuma mata da yawa da asusun miji ko na ƙani suke biya, don haka ka riƙa tambayar sunan da ke kan asusun.

Kowane biya ka rubuta shi a take: rana, suna, lambar waya, littafi, nawa, ta wace hanya. Littafin rubutu na ɗalibai ma ya isa. Katin waya na daina karɓa, domin kafin ka mayar da shi kuɗi an zaftare, sai ka rasa wa zai ɗauki giɓin tsakaninka da marubuci. Masu karatu na Nijar kuwa kar ka yi wasa da su, suna da yawa kuma suna biya. Samo amintaccen wakili a Maraɗi ko Damagaram da za a riƙa tura masa ta kamfanonin aika kuɗi Nita ko Amana, ka yanka musu farashi da sefa kai tsaye, don kar kullum a zauna lissafin canji. In ciniki ya yi yawa har ka kasa barci, Selar, shafin ciniki na intanet, na karɓar kuɗi ya miƙa wa mai saye littafin da kansa, sai dai yana cire nasa, ka sa wannan a lissafi tun kafin raba kaso.

Mataki na biyar: masu fitar da littafi

Za a fitar da shi a watsa wa waɗanda ba su biya ba, ka sa wannan a ranka. "Allah ya isa" da "ban yafe ba" da ake jerawa a shafin farko ba su hana ba, sai dai su sa mai saye na gaskiya ya ji kamar ɓarawo aka ɗauke shi. Abin da ya ɗan yi mini aiki shi ne buga lambar wayar mai saye a ƙasan shafukan kwafinsa, akwai wahala amma mutum kan yi tunani kafin ya watsa lambarsa a zaurukan da bai sani ba. Telegram ma yana da wurin hana turawa da adanawa. Sauran maganin farashi ne: in ya yi sauƙi, neman na sata ya zama wahalar banza.

Kuma ko a wace manhaja kake sayarwa, jerin masu sayenka ya kasance a hannunka. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma tana aiki, kuma marubutan Hausa da dama a can suke da kasuwa.

Mataki na shida: biyan marubuci

Rana ɗaya a wata, ba sai an tambaya ba. Ka tura kuɗin tare da hoton shafin lissafi: kwafi kaza, an cire kaza, naki kaza. Ko kwafi uku aka sayar a watan, ka tura lissafin ukun. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, amma ga littafin da a WhatsApp zai yi yawo, bar ta sai ranar da za ku buga na takarda.