Darasi na 9: Shukar Tukunya Marar Wahala

Kalmomin da za mu karanta tare a allo: tukunya, saiwa, yashi, taki, huji, danshi.

Mun saba da shuka abin da za a ci: kuɓewa a bayan ɗaki, zogale a kusurwar gida, kabewa a kan danga. Shukar ado kuwa, wadda ake cewa fulawa, da yawanmu muna ganin abin gidan masu kuɗi ne ko na ƙofar banki. Alhali tsohon bokitin fenti, da yashi, da ɗan tsiro da maƙwabciya ta cire muku sun isa a fara. Wanda ke zaman haya a ɗaki ɗaya ma zai iya.

Abin da ya fi kashe shukar tukunya a hannun sabon shiga shi ne yawan ruwa. Wata ɗalibarmu ta taɓa kawo tukunyarta aji, ranta a ɓace. Ta ce, "Malama, kullum safe da yamma sai na ba ta ruwa, amma ga ta nan ta langaɓe." Da muka zazzage ƙasar sai wari ya taso. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Saiwa tana numfashi. Idan ƙasa ta zauna a jiƙe kullum, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, ganye ya yi yaushi, mai shuka ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Haka za a yi ta yi har shukar ta mutu.

Wace shuka za a fara da ita?

Ku fara da moda. Ita ce mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, masu zane-zane. Asalinta nan Afirka ne, kakanninmu ma daga ganyenta suke fitar da zare su tufka igiya da tsirkiyar baka. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna da wata iri mai rawayan baki. Turawa suna kiranta harshen suruka, saboda tsawo da kaifi; ku dai kada ku faɗi haka a gaban surukarku. Moda tana ajiye ruwa a ganyenta, tana jure ɗaki mai ƙarancin haske, tana jure mantuwa. A cikin ɗaki ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta. Da damina har mako uku ko wata guda tana yi babu komai. In za ku yi tafiyar biki ko jinya, ku rufe ɗaki ku tafi, za ku dawo ku tarar da ita a tsaye.

Ta biyu ita ce zabuwa, wasu su ce kabar giwa, 'yan birni su ce alobera. Ita ma ma'ajiyar ruwa ce, sai dai ta fi moda son haske. Ku ajiye ta a bakin taga ko a baranda. Idan ganyenta ya koma ja-ja, rana ta yi mata yawa. Idan ya yi tsawo ya sirance yana faɗuwa, haske ya yi mata kaɗan. Yauƙin cikin ganyenta yana sanyaya ƙaramar ƙuna, irin ta taɓa murfin tukunya. Babbar ƙuna ta asibiti ce. Ruwan rawaya mai ɗaci da ke fita idan an yanka ganyen yana sa gudawa, kada a bai wa yaro ko mai juna biyu.

Akwai wata mai yaɗo, ganyenta faffaɗa mai tsini a ƙarshe, kore da ɗigon rawaya, masu sayarwa suna ce mata mani filan. Wannan ko ƙasa ba ta buƙata. A yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku, a tsoma a kwalbar ruwa yadda gaɓa ɗaya za ta nutse. Cikin mako biyu ko uku za a ga farar saiwa ta fito. Yara suna son kallon wannan. Sai dai a riƙa canza ruwan kowane kwana uku ko huɗu, don sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma kusan mako guda ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi. A rataye ta inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, domin tauna ganyenta yana sa baki zafi da kumburi.

Akwai kuma shukar da ake kira kariya, ita ta tsakar gida ce, ba ta son ɗaki. Ita ce mai ƙaton gindi da furanni masu ja-ja, wadda ake gani a daji cikin duwatsu. Rana take so tsagwaronta. Da rani takan zubar da ganye ta tsaya tsirara, kada ku ce ta mutu. Ruwan jikinta dafi ne, mafarauta sun yi amfani da shi a kibiya. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a ganina gara a haƙura da ita.

Na'ana'a da ɗaɗɗoya suna da daɗin ƙanshi, ga amfani a shayi da miya, amma suna son ruwa kusan kullum. Ku bar su sai hannu ya faɗa.

Tukunya da ƙasa

Kowace irin tukunya ce, dole gindinta ya kasance da huji. Wannan ba a sassauta shi. Bokitin roba ko yankakkiyar jarka, a ɗora ƙusa a wuta ta yi zafi, a riƙe ta da filaya a huda wuri huɗu ko biyar. Gwangwanin madara, a huda da ƙusa da guduma. Tukunyar ƙasa ta fi duka, saboda tana tsotse danshi kamar yadda randa ke yi, ƙasar cikinta ta bushe da wuri. Tsohuwar tukunyar da ta tsage, wadda ba ta riƙe ruwa, ita ce daidai. A ɗora tsingaro ɗaya a kan hujin don kada ƙasa ta zube.

Kada ku ɗauki babbar tukunya ku sa ɗan ƙaramin tsiro. Ƙasa mai yawa tana daɗewa a jiƙe, mun koma gidan jiya.

Ga haɗin ƙasa: kwano 2 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na ƙasar gona, kwano 1 na taki. Takin ya zama tsoho, wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Laka ta fadama kuma ita kaɗai ba ta yi, in ta jiƙe ta yi danƙo, in ta bushe ta yi tauri kamar tubali. Ku damƙi haɗin da ɗan danshi a hannu, ku buɗe. In ya wargaje da an taɓa shi, ya yi. In ya dunƙule kamar fura, a ƙara yashi.

Ba da ruwa

Kada ku bi kwanan wata, ku bi yatsa. Ku tura ɗan ali cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kun ji sanyi ko ƙasa ta manne, ku bari sai an kwana biyu. In ta bushe ƙarau, ku zuba ruwa a hankali har ya fito ta gindi. In akwai faranti a ƙarƙashi, ku zubar da abin da ya taru. Da bazara ƙasa tana saurin bushewa, da damina tana daɗewa, yatsa ne zai gaya muku. In ruwan sama ya jera kwanaki, ku jawo tukunyar zabuwa ƙarƙashin rumfa.

Ruwan alwala yana da kyau, haka ruwan wankin shinkafa. Ruwan wanke-wanke mai sabulu da mai da gishiri yana lalata ƙasa. Idan kuka ga farin ɓawo a saman ƙasar, gishirin ruwan rijiya ne ya taru. Ku kankare shi ku sa sabuwar ƙasa.

Da hunturu ƙura tana rufe ganye, shuka ba ta samun haske sosai. Ku goge da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako. Kada a shafa mai don ya yi sheƙi, mai yana kama ƙura.

Ƙwari da tsoron maciji

Wani lokaci za ku ga wani abu fari kamar auduga a matsematsin ganye. Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka. A goge shi da tsumma, sannan a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. A maimaita bayan mako guda.

Wasu masu gida suna hana shuka a gida wai tana kawo maciji. Abin da ke jawo maciji shi ne ɓera da kwaɗo da tarkacen da zai ɓuya. Ku ɗora tukwane a kan bulo ko benci, ku bar tazara tsakaninsu da bango, ku riƙa share ƙarƙashi. Hakan ma yana rage gara, kaji kuma ba sa samun damar tona.

Yadda ake samun iri kyauta

Moda da zabuwa suna fitar da 'ya'ya a gindinsu. Idan ɗan ya kai tsawon tafin hannu, a zazzage tukunyar, a raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, tare da 'yar saiwarsa. A ajiye shi a inuwa kwana biyu wurin yankan ya bushe, sannan a dasa. Kada a ba shi ruwa sai bayan kwana huɗu ko biyar. Ana iya yanka ganyen moda gunduwa-gunduwa a kafa a yashi, amma sai an kula kada a juya shi, ɓangaren da ke ƙasa shi zai shiga ƙasa. Yana ɗaukar wata ɗaya ko biyu kafin ya yi saiwa, kuma mai rawayan baki in an yi mata haka, 'ya'yan kore zalla suke fitowa.

Aikin gida

Kowa ya samo gwangwani ko tsohuwar tukunya ya huda gindinta, ya zo da ita mako mai zuwa tare da yashi kwano 2. Wadda ke da moda ko zabuwa mai 'ya'ya a gida ta zo mana da su, za mu raba a aji. A littafinku ku rubuta sunan shukar da kuka zaɓa da ranar da kuka dasa ta, ku bar layi biyar a ƙasa don rubuta ranakun da kuka ba ta ruwa.