Sikana ba ta lalace ba, riƙonka ne

Duk sabon yaron da aka ɗora a kan kantar shagona, kafin sati ya zagayo zai zo yana cewa sikana, na'urar karanta lambar kaya, ta lalace. Na gaji da jin wannan magana.

Abu na farko, suna saita ta cak, ta fuskanci bakod, baƙaƙen layukan nan na jikin kaya, gaba da gaba. Leda da kwalba da kwali mai sheƙi suna mayar da haske, sai jan hasken ya koma kai tsaye ya kashe wa sikanar ido, kamar mai mota ya dalle ka da fitila cikin dare. Ɗan karkatar da ita, digiri 10 zuwa 15, nan take za ka ji ta yi ƙara. Sai dai jan layin dole ya ratsa baƙaƙen layukan duka, daga farin filin hagu zuwa na dama. Da wannan farin fili take gane farko da ƙarshe. In babban yatsanka ya rufe shi, ka yi ta danna kunama har magariba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne harbin kan mai uwa da wabi. Ɗauki kwalin waya ka duba: ga bakod ɗin kaya mai lamba 13, ga IMEI (lambar shaidar waya) guda biyu masu lamba 15, ga lambar siriyal, duk a cushe wuri guda. Wani yarona ya shigar da katan guda na wayoyi yana hira yana harbi, duk wadda hasken ya fara taɓawa ita ta shiga. Da mai saye ya dawo da waya, muka nemi IMEI ɗinta a kwamfuta, babu. Haka na biya kuɗin wayar da har yau ban tabbata daga shagona ta fita ba. Kuma sikanar ba ta yi ƙarya ba! Lambar ƙarshe ta bakod ta tantancewa ce, shi ya sa da wuya ta karanta lamba a karkace. Amma ba ta san wacce kake nufi ba. Jin ƙara ba hujja ba ce, malam, ɗaga kai ka dubi allo. Ni dai yatsu biyu nake sa wa in rufe sauran layukan, ko da sikanar tana da tsarin zaɓen wadda ɗigon saiti ya hau.

Sauran ƙanana ne. Kada ka manna ta a jikin kaya, ja baya kamar taƙi ɗaya. Leda ta yamutse, miƙe ta. Lemo ya fito daga firji da raɓa, goge. Lokacin hunturu ƙura na rufe gilashinta, ni kullum da safe nake bi da ƙyalle mai laushi.

Bakod ɗin da ke kan allon waya kuwa, sikanar leza, mai jan layin nan, ba ta karanta shi ko ka karkata ta yaya. Mai kyamara za ka nema.