Yadda nake haɗa ƙwayoyin maganaɗisu masu ɗauke da maganin sankara

Abin da ake nema shi ne a ɗora magani a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da maganaɗisu zai iya ja, a tara su inda ƙarin yake, maimakon maganin ya bi jiki gaba ɗaya yana ɓarna. Doksorubisin, alal misali, yana kashe ƙwayoyin sankara amma yana gajiyar da zuciya. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1996 aka gwada ta a jikin marasa lafiya a Jamus da maganin epirubisin.

Da ƙarfen nake farawa. Ina narka gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, kaso ɗaya na Fe2+ da kaso biyu na Fe3+, in ɗumama zuwa wajen digiri 80, sannan in zuba ruwan amoniya ina motsawa da ƙarfi. Nan take ruwan zai koma baƙi ƙirin, magnetait ke nan, wato ƙwayoyin ƙarfen da maganaɗisu ke ja. Amma kafin komai ka busa iskar naitirojin a ruwan, kuma kada ka kashe ta sai ka gama. Na taɓa yin ganganci da wannan, washegari na tarar da abin ya koma ruwan ƙasa kamar tsatsa, iskar oksijin ta ci shi. Haka na zubar na sake.

Girman ƙwayar shi ne komai a wurina. Ina son ta tsaya wajen nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A wannan ƙanƙanta, idan ka kawo maganaɗisu sai ta biyo shi, kana janyewa ta saki, ba ta riƙe ƙarfin jan ba. Manya kuwa sukan ci gaba da manne wa juna, su dunƙule, kuma dunƙule a cikin jijiyar jini ai toshewa ce. Shi ya sa tun da zafinsu nake sa musu oleik asid ya lulluɓe su, in wanke sau uku ina riƙe su da maganaɗisu a gindin kwalba.

Sai rigar polima, wato wani sinadari mai kama da roba da zai lulluɓe ƙwayoyin tare da maganin. Ni polimar da ake kira PLGA nake so, domin jiki na narkar da shi da kansa. Ina narka shi a dikloromitan, wani ruwan sinadari mai saurin tashi, tare da ƙwayoyin da maganin, in zuba a ruwan PVA, wata polima da ke hana ɗigon haɗewa, in kaɗa da na'urar sauti cikin ƙanƙara, in bar shi yana juyawa har dikloromitan ɗin ya tashi. Doksorubisin da ake samu yawanci mai son ruwa ne, zai gudu ya bar polimar, don haka ɗan tirayetilamin, sinadarin da ke rage masa son ruwan, nake sa masa tukuna. Waɗannan sinadarai guba ne fa, safar hannu da akwatin zuƙe iska dole ne.

Wajen gwaji, ina son girman ƙwayoyin bayan sa rigar ya faɗa tsakanin nanomita 100 da 200. Maganin ja ne, don haka ina auna wanda ya rage a ruwan wanki a hasken nanomita 480 in san nawa ya shiga. Sakinsa kuma ina gwadawa a pH (ma'aunin tsami) 7.4 irin na jini da 5.5 mai tsami irin na wasu ƙananan jakunkuna da ke cikin ƙwayar halitta.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: in tura ruwan ta siririn bututu, maganaɗisun niyodimiyam a gefe. Idan maganaɗisun ya manne da bututun, ƙwayoyin suna taruwa. Matsar da shi santimita kaɗan, yawancinsu sai su wuce abinsu. Saboda haka ƙarin da ke kusa da fata ya fi sauƙin kaiwa da wannan hanya fiye da wanda ke can cikin jiki.